Kwana 204 a Kumasi: Yadda tafiya ɗaya ke iya ƙara wa mai girin kad shekara biyu kafin ya zama ɗan Amurka

Duk wanda ka tambaya cikin mutanenmu mazauna Amurka yaushe mai girin kad, wato katin izinin zama na dindindin, ke zama ɗan ƙasa, amsa ɗaya za ka ji: "Shekara biyar ne." Ba ƙarya ba ne, haka yake a doka. Sai dai alƙaluman USCIS, hukumar da ke karɓar takardun neman zama ɗan ƙasa, sun nuna cewa a shekarar kasafi ta 2024 mutum 818,500 ne suka yi rantsuwar zama 'yan ƙasa, kuma rabinsu sun riƙe katin shekara bakwai da rabi ko fiye kafin ranar ta zo. Wasu ba sa gaggawa ne, wasu kuɗin fom ya tsayar da su, wasu fargabar jarrabawar Turanci. Akwai kuma waɗanda lissafinsu ya karye tun tuni, ba su da labari sai sun zauna gaban jami'in intabiyu.

Irin na ƙarshen nan za mu bi. Mutumin misali ne, na sa masa ranaku ne don a ga lissafin ƙuru-ƙuru. Dokokin da abin da ya faru a Gana a lokacin kuwa na gaske ne.

Bahaushen zango ne daga Kumasi, mai shekara 28. Ya ci bizar caca, wadda Amurka ke bayarwa ta hanyar ƙuri'a, ya sauka filin jirgin JFK a Niyok ranar 14 ga Mayu 2018. ('Yan Najeriya sun fita daga wannan caca tun zagayen 2015, saboda ƙasar ta haura mutum 50,000 masu ƙaura zuwa Amurka cikin shekara biyar, amma a lokacin Gana, Nijar, Kamaru da Chadi duk suna ciki.) Ya samu ɗaki a Bronx wajen wani ɗan unguwarsu, ya yi lasisi, ya kama tuƙin tasi. A 2019 ya je gida kwana 40 ya yi aure, amarya ta zauna a Kumasi. A 2021 ya sake komawa kwana 75 saboda ginin gida. A azumin 2022 ya yi Umara, kwana 21. Duk waɗannan ba su da wata illa.

Tafiyar 2020 ce matsalar. Ranar 20 ga Fabrairu ya tashi zuwa Gana bayan an kira shi cewa jikin mahaifinsa ya yi tsanani, da tikitin dawowa na 2 ga Afrilu a aljihunsa. Farkon Maris Allah ya yi wa tsohon rasuwa. Ana cikin zaman makoki da rabon gado, Shugaba Akufo-Addo ya rufe iyakokin ƙasar na sama da ƙasa da ruwa daga 22 ga Maris saboda korona, kuma ba a buɗe filin jirgin Kotoka ga fasinjojin ƙasashen waje ba sai 1 ga Satumba. Mutuminmu bai samu kujera ba sai wadda ta sauke shi a Niyok ranar 12 ga Satumba. A filin jirgi aka yi masa 'yan tambayoyi, aka miƙo masa fasfo, ya wuce. A wajensa magana ta ƙare ke nan.

A Janairun 2023 ya ɗauko katinsa yana son sanin ranar da zai aika fom.

Lissafin da kowa ya iya

A fuskar girin kad akwai layin da aka buga Resident Since, da kwanan wata a gabansa. Daga nan ake fara ƙirge. Ranar da aka ci caca, ranar da aka buga biza a Accra, ranar da katin ya iso ta gidan waya, duk ba ruwansu. Shekarun da mutum ya yi a Amurka da bizar karatu ko ta aiki kafin katin su ma ba a ƙirga su. Ga mutuminmu ranar ita ce 14 ga Mayu 2018, saboda haka shekara biyar za ta cika 14 ga Mayu 2023.

Doka ta yarda a aika fom ɗin N-400, na neman zama ɗan ƙasa, kwana 90 kafin cikar. Kwana 90 aka ce, ba wata uku ba, kuma mutane na faɗawa wannan ramin: idan aka ja baya daga 14 ga Mayu 2023 za a tsaya a 13 ga Fabrairu. Wanda ya aika kwana ɗaya kafin ranarsa, ana iya mayar masa da takardunsa, ko kuma, abin da ya fi ciwo, a karɓa a yi shiru sai a wajen intabiyu a ce masa bai cika ba, kuɗinsa kuma ya tafi. Da matarsa 'yar Amurka ce, suna zaune tare, ita ma ta cika shekara uku da zama 'yar ƙasa, da wa'adin ya sauko zuwa shekara uku. Tasa tana Kumasi, don haka wannan ƙofar ba tasa ba ce.

Lissafi na biyu shi ne na kwanakin da ƙafarsa ke kan ƙasar Amurka. Ana son wata 30 cikin shekara biyar, wato kwana 913. Ranar fita da ranar dawowa duk ana ƙirga su a matsayin yana ciki, shi ya sa tafiyar 2020 ta zama kwana 204 cur. Daga 14 ga Mayu 2018 zuwa 13 ga Fabrairu 2023 kwana 1,736 ne. Tafiye-tafiyensa huɗu sun haɗu sun yi 340. Saura 1,396. Ya haye da rata mai yawa, kuma wannan ratar ce ta ƙara masa ƙwarin gwiwa, alhali ba a nan gizo ke saƙa ba. Wanda wannan lissafin ke kamawa daban ne: ɗan kasuwan da ke yin wata biyar a Kano ko Agadas, ya leƙo Amurka wata ɗaya, ya koma. Bai taɓa wuce wata shida a waje ba, yana alfahari da hakan, amma idan aka tara kwanakinsa na ciki ba su kai ko rabin 913 ba.

Inda zaman ya yanke

Sharaɗi na uku shi ne zaman ya kasance a jere, bai yanke ba. Mai karatun fiƙihu zai gane shi da sauri, domin kamar azumin kaffara yake: wata biyu a jere, wanda ya sha a tsakiya ba da uzuri ba ya koma farko, mai uzurin rashin lafiya kuwa ya ɗora daga inda ya tsaya. Tafiyar da ba ta wuce wata shida ba, a ƙa'ida ba ta yanke zama. Wadda ta wuce kwana 180 amma ba ta kai shekara ba, ana ɗaukar ta yanke, sai idan mai ita ya kawo hujjar da ta gamsar da jami'i cewa gidansa na Amurka bai tashi ba. Wadda ta kai shekara ɗaya cif ta yanke, babu jayayya, babu sauraron uzuri, in ban da 'yan tsirarun ma'aikata da suka nemi izini na musamman tun kafin lokaci. Korona ba ta sauya wannan dokar ba.

Abin da ya ruɗi mutuminmu shi ne yadda aka bar shi ya shiga a 2020. Jami'in filin jirgi tambaya ɗaya yake warwarewa: wannan mutum ya yi watsi da zamansa na dindindin ko bai yi ba? Jami'in USCIS kuma wata tambayar yake yi: shekara biyar ɗin nan a jere take? Mutum na iya cin ta farko ya faɗi ta biyu. Haka ma takardar izinin dawowa da wasu ke nema kafin doguwar tafiya, mai aiki har shekara biyu: katin take karewa, ba ta kare lissafin zama ɗan ƙasa ko da kwana ɗaya.

Da kwana 204, mutuminmu na cikin rukuni na tsakiya. Ya wuce iyaka da kwana 24.

Ƙa'idar ta ambaci abubuwa huɗu da jami'i ke dubawa, ko da yake ba su kaɗai aka yarda a kawo ba: bai bar aikinsa na Amurka ba, iyalinsa na kusa sun zauna a Amurka, gidansa na nan a hannunsa, kuma bai kama aiki a can ba. A nan ne irin zaman da yawancin mutanenmu ke yi ke juyo musu. Shi ba ma'aikacin kamfani ba ne da zai kawo wasiƙar hutu daga ofis. Direba ne mai cin gashin kansa. Abin da yake da shi shi ne lasisin tasi da bai mutu ba, da takardun da ke nuna ya yi aiki har makon da ya tafi kuma ya koma tuƙi bayan ya dawo. Iyali kuwa, matarsa na Kumasi, wannan maki ya kuɓuce masa gaba ɗaya. Ɗakin Bronx ya fi komai ban haushi. Ya ci gaba da biyan rabonsa na haya duk watannin, akwatunansa da tufafinsa na hunturu suna ciki, amma yarjejeniyar haya da sunan ɗan unguwarsu take, kuma a da hannu da hannu yake miƙa kuɗin. Abin da ya cece shi shi ne lokacin da yake Gana dole ta sa ya riƙa turawa daga asusunsa na banki, saboda haka akwai layi shida a takardar banki, wata bayan wata, adadi ɗaya, zuwa ga mutum ɗaya. Idan aka haɗa su da rubutacciyar shaidar rantsuwa daga mai ɗakin, sun zama hujja. Aiki a Gana bai yi ba. Ya riƙa zama a shagon yayansa don rage zafin rai, kuma a nan sai ya iya bakinsa, ya faɗi gaskiya yadda take: zama ne, ba albashi, ba hannun jari.

Hujjarsa mafi ƙarfi ba ta cikin huɗun nan. Tikitin 2 ga Afrilu da ya saya tun kafin ya tafi, saƙon imel na kamfanin jirgi da ya soke shi, takardar shaidar rasuwar mahaifinsa, da sanarwar gwamnatin Gana ta rufe iyaka, tare suna faɗin abu ɗaya: mako shida ya yi niyya. Ga kuma harajin 2020 da ya cike a matsayin mazaunin Amurka. Wannan na da muhimmanci ƙwarai, domin wanda wani mai cike haraji ya ruɗe shi ya rubuta kansa baƙo don ya rage biya, da hannunsa ya sa hannu cewa ya bar ƙasar. Akwai tambaya ɗaya da ya kamata ya shirya mata: ofishin jakadancin Amurka a Accra ya shirya jiragen kwashe mutane a lokacin rufewar, me ya hana shi bi? Tsadar kujera, takabar mahaifiyarsa, gadon da ba a gama ba, duk amsoshi ne, amma sai wadda take gaskiya a kansa.

Idan hujjar ba ta karɓu ba, ƙirge ya koma sabo daga ranar da ya dawo, 12 ga Satumba 2020, kuma zai iya sake nema bayan shekara huɗu da wata shida, wato 12 ga Maris 2025. Dalilin wannan adadi mai sauƙi ne: a ranar, idan aka waiwaya shekara biyar, guntun tafiyar da ya rage a ciki bai wuce wata shida ba. Ni dai da zan ce ya ƙara mako biyu a kai. Daga 12 ga Maris zuwa 12 ga Satumba kwana 184 ne, kuma babu dalilin bai wa kowa damar yin gardama a kan kwana huɗu.

Kwana 24 na ƙari, ke nan, na iya mayar da ranar aika fom daga Fabrairun 2023 zuwa ƙarshen Maris 2025.

Layin jira

Aika fom ba shi ne zama ɗan ƙasa ba. Bayansa akwai rasit, ɗaukar hoton yatsu, intabiyu, sannan rantsuwa, kuma har zuwa ranar rantsuwar mutum mai girin kad ne, sharaɗin zama a jere na kansa. Tsawon wannan jira ba doka ce ta yanka shi ba, yawan fayil ne da yawan ma'aikata. A shekarar kasafi ta 2021 matsakaicinsa a faɗin ƙasar ya kai wata goma sha ɗaya da rabi. A 2023 ya sauko wajen wata shida, a 2024 wajen biyar. Shafin USCIS na intanet yana nuna adadi ga kowane ofishi, amma a lura, wannan adadin lokacin da aka kammala kashi 80 cikin ɗari na fayiloli ne, don haka ya fi abin da yawancin mutane ke gani tsawo. Ya dace da mai son shirya wa mafi muni.

A intabiyun ake jarrabawa: karanta jimla ɗaya cikin uku, rubuta ɗaya cikin uku, da tambayoyin tarihi da tsarin mulki. A 2023 da farkon 2025 tambaya 100 ake haddacewa, a yi maka goma, ka ci shida. Waɗanda suka aika fom daga 20 ga Oktoba 2025 sun faɗa sabon tsari mai tambaya 128, a yi har 20, a ci 12. Wanda ya faɗi ana sake kiran sa tsakanin kwana 60 zuwa 90, ƙarin wata biyu ko uku ke nan. Bayan intabiyu hukumar na da kwana 120 ta yanke hukunci, in ta wuce haka mai nema na da ikon kai ƙara kotun tarayya. Fayil mai doguwar tafiya irin na mutuminmu shi ne irin wanda jami'i kan ce a kawo ƙarin takardu, don haka a lissafinsa sai a sa waɗannan watanni huɗu.

Ga yadda ranakun suka fito. Idan ya aika 13 ga Fabrairu 2023 kuma hujjarsa ta karɓu, rantsuwa za ta faɗo tsakanin Agusta da Disamba 2023, shekara biyar da wata uku zuwa bakwai daga saukarsa. Idan ya zaɓi jira, ya aika ƙarshen Maris 2025, rantsuwa wajen Satumba 2025, shekara bakwai da wata huɗu. Idan ya aika a 2023 aka ƙi, ya yi asarar dala 725, kuɗin fom da hoton yatsu na lokacin, yana da kwana 30 ya nemi a sake duba hukuncin, in ba a dace ba ya koma layin Maris 2025 ya sake biya, wannan karon dala 710 ta intanet ko 760 a takarda, bisa farashin da ya fara aiki 1 ga Afrilu 2024.

A ganina gara ya aika a 2023. Abin da zai rasa in an ƙi dala 725 ne, ranar 2025 kuma tana nan ba ta gusa ba. Abin da jiran ke ci ya fi haka nesa: matar ɗan ƙasa ba ta cikin rukunin bizar da ake ƙayyade wa adadi a shekara, matar mai girin kad tana ciki; mahaifiyarsa kuwa ba zai iya nema mata zama ba sam sai ya zama ɗan ƙasa. Gana ta halatta riƙe fasfo biyu, don haka ta wannan fuskar ba abin da zai saki.

Wannan shawara tana da sharaɗi, kuma ba ƙarami ba. Fom ɗin N-400 yana sa a buɗe fayil tun daga tushe, har da abin da mutum ya cike a cacar biza. Mutuminmu ya yi aure bayan ya shiga, takardunsa a miƙe suke. Wanda yake da mata ko 'ya'ya a lokacin caca ya rubuta kansa gwauro, saboda wani mai shagon intanet ya ce masa hakan ya fi sauƙi, shi ba lissafin kwanaki ne damuwarsa ba. Ana iya cewa tun farko bai cancanci katin ba, kuma ya ga lauyan shige da fice kafin ya taɓa fom. Haka wanda aka taɓa kamawa, ko mai bashin haraji da bai yi yarjejeniyar biya ba, ko namijin da ya zauna a ƙasar tsakanin shekara 18 da 26 bai yi rajistar hukumar ɗaukar soja ba.

Sai maganar da ba a cika yi a fili ba. Bayan rasuwar mahaifinsa dangi sun fara yi masa zancen ƙarin aure, wata 'yar ƙanen mahaifinsa, "ai kai ne babba yanzu." Dokar Amurka ta sa zama da mace fiye da ɗaya cikin abubuwan da ke hana a shaidi mutum da kyawun hali a cikin shekara biyar ɗin da ake dubawa, kuma a intabiyu, ƙarƙashin rantsuwa, ana bin tarihin aurensa ɗaya bayan ɗaya. Ba aƙidarsa ake tambaya ba, aikinsa ake tambaya, kuma ɗaurin auren da aka yi a zango aure ne. Wanda ya ɓoye ya wuce, ƙaryar da kanta dalili ce ta ƙwace takardar daga baya. Da mutuminmu ya amsa wa dangi a 2020, da duk lissafin da muka yi a sama ya rushe.

Akwai kuma abin da babu kalandar da ke hango shi. A Disamba 2025 USCIS ta dakatar da aiki a kan takardun 'yan ƙasashe 19 da ke cikin jerin takunkumin shiga na Yunin shekarar, ciki har da Chadi da Sudan, har aka soke wa wasu ranar rantsuwa bayan sun ci jarrabawa. A tsakiyar watan aka faɗaɗa jerin takunkumin, Nijar da Najeriya suka shiga. A lokacin Gana ba ta ciki. Amma a ɗauka mutuminmu ɗan Anjamena ne, ya zaɓi jira, ya kuma yi jinkirin 'yan watanni bayan Maris 2025: da ya tarar da ƙofa a rufe, alhali a 2023 a buɗe take. Wannan ma wani dalili ne da ya sa ba na ba mai fayil mai tsabta shawarar zama da katin bayan ranarsa ta yi.

Abu biyu suka rage masa tsakanin aika fom da rantsuwa. Abokansa na ta kiran sa ya koma Columbus a jihar Ohayo, inda haya ta fi sauƙi kuma mutanen Gana ke da yawa. Ya dakata, domin doka na son zaman wata uku a jiha ko yankin ofishin da ake nema, kuma sauya adireshi a tsakiya na nufin a ɗauke fayil zuwa wani ofishi a bi wani layin. Na biyu, takardar gayyatar rantsuwa na ɗauke da tambayoyi a kan abin da ya faru tun ranar intabiyu: ya yi tafiya, ya yi aure ko saki, an kama shi? A wajen rantsuwar ake karɓe girin kad, kuma daga ranar ba zai fita ya dawo ta jirgi ba sai da fasfon Amurka, wanda nemansa ke ɗaukar makonni. Idan yana da niyyar yin Babbar Sallah a Kumasi, kada ya sayi tikiti sai fasfon ya shigo hannunsa.